Rumbun Baffa

A shekara ta biyu ta fari, lokacin sojoji na mulki, hatsinmu ya ƙare tun kafin bazara. Ƙanen mahaifina, Baffa, ya riga ya tafi kudu cin rani, ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu a hannun Baba. Ya kuma bar ɗan rumbu a liƙe, da dami kaɗan a ciki.

A ƙauyenmu na ƙasar Koona, in ƙane ba ya nan, wa yana iya buɗe rumbunsa ya ciyar da iyalinsa. Kowa ya san haka. Baba ya buɗe da rana tsaka, a gaban maƙwabta. Abin da ba mu sani ba shi ne Baffa ya sayar wa wani ɗan kasuwa da hatsin kafin ya tashi, ya ji kunyar faɗa.

Ɗan kasuwar ya kai ƙara Tasawa. Alƙali ya tambayi Baba ko rumbun nasa ne, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko shi ya buɗe, ya ce i. Aka rubuta sata, aka yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka na wata uku. Bai kwana a kurkuku ba, mutane suna ta yi mana barka. Shi kuwa kalmar ce ta tsaya masa a rai.

Ni na yi lakkol, wato makarantar boko, kaɗan, na san ana ɗaukaka ƙara in ba a wuce kwanakin da aka ɗiba ba. Muka koma wurin magatakardan kotu, Baba ya dangwala yatsa. A hanya ya ce mini, "Ba wata ukun nake ji ba. So nake a cire mini sunan ɓarawo."

Sammaci bai zo ba sai bayan damina. Kafin nan ciwon ƙirji ya kwantar da Baba, muka binne shi ana girbin wake. Baffa ya dawo ya tarar da zaman makoki. Da takardar ta iso, ya ce tare za mu, zai faɗa da bakinsa cewa laifin nasa ne.

Kwana biyu muka yi a mota kafin mu isa babbar kotu. Da aka kira sunan Baba, na miƙe na ce ya rasu. Alƙalan suka yi shawara ƙasa-ƙasa da Faransanci, sai tafinta ya ce shari'a ta mutu tare da mai ita. Baffa ya nemi a saurare shi. Aka ba shi haƙuri cikin mutunci, aka ce babu sauran abin da za a saurara.

A waje magatakarda ya yi mini bayani a hankali. Ya ce tun da Baba ya ɗaukaka ƙara kafin rasuwarsa, hukuncin farko bai tabbata ba, a doka ya rasu babu laifi a kansa. Na roƙe shi ya maimaita, don in kai maganar daidai.

Da muka dawo gida, Inna tana takaba, na zauna a bakin ƙofar ɗakinta na faɗa mata duka. Sai ta tambaye ni.

"Sun ce bai yi sata ba?"

"Ba su ce ba, Inna. Sun dai ce ba a tabbatar ya yi ba."

Ta ce in je in faɗa wa maigari kamar yadda aka faɗa mini, kada in ƙara kome. Washegari da safe na je, Baffa yana biye da ni.