Amalanken Yaya Idi

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Idi makwancinsa a Jiratawa, kuma har yanzu in an ambace shi, sai wani ya murmusa ya ce, "Allah ya jiƙan mai jam'iyyar amalanke." Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma murmushin nan yana ƙona mini rai, domin da ni aka fara shi.

Manomin zogale da albasa ne. Da zaɓen ƙananan hukumomi ya zo, ya tsaya takarar kansila a wata ƴar jam'iyya wadda duka magoya bayanta na yankinmu amalanken shanu ɗaya ke ɗaukar su. Daga nan sunan ya samo asali. Manyan jam'iyyu kan samu dandali ranar kasuwa da la'asar, da makaɗa da rumfuna. Shi kuwa sai a ba shi tsakar rana, lokacin da kowa ke gona. Ya je Tsibiri taro ya tarar an kwashe kujerun haya kaf, ya yi jawabinsa a tsaye gaban tsofaffi kaɗan da awaki. Mu matan gida muna Sabon Gari cikin atamfar babbar jam'iyya da aka raba mana, muna tsokanarsa ko awakin sun yi alkawarin ƙuri'a.

Bai taɓa fushi ba, abin da ya fi damuna ke nan. Yakan ce shi bai ce dole sai ya ci ba. A fadama, in ji shi, mai ƙaramin fili da mai babba kowa yana da ranar ruwansa, to a ba shi ranarsa ta magana, in mutane sun ji sun ƙi, ya gode. Muka ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, muka wuce. Ya faɗi zaɓe, ya koma zogalensa.

Yau ga dandalin nan shiru, tun da hukuma ta dakatar da jam'iyyu, manya da ƙanana duk an naɗe tutocinsu. Nakan tambayi kaina me zai ce. Ba na jin zai yi dariyar ƙeta, ba halinsa ba ne. Ina jin zai ce tun ranar da gemun ƙarami ya kama wuta ya kamata babba ya shafa wa nasa ruwa, ya ɗauki fartanyarsa ya tafi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne ɗansa Sani, wanda ya gaji filin. Filin yana can ƙarshen magudanar ruwa, kuma a ranin nan manyan manoma na sama sun rage wa na ƙasa lokacin ban ruwa. Albasarsa ta fara kwanciya, ita ce kuwa cin iyalinsa na shekara. Aka kira taron manoma, na bi shi don in ji. Aka tambaya ko akwai mai ƙorafi. Sani ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke har aka shafa fatiha.

A hanya na tsare shi, na ce da ubansa ne, da bai yi shiru ba. Ya ce, "Gwaggo, ina yaro na gani da idona yadda kunka yi ma wanda ya yi magana. Ni ban iya ɗaukar dariyar ga."

Na so in rubuta cewa abin da ya rage na Yaya Idi shi ne ƙarfin halinsa, amma ba zan yi masa ƙarya a bayan ransa ba. Ƙarfin halin ya tafi da abinsa. Dariyarmu ce ta rage, ita ɗansa ya gada, ga albasa tana bushewa.