Ɗantsoho da Cibiyar Tabkin Kyara

Duk wanda ya ji an kira mutum masunci a ƙasar Gagarawa sai ya yi murmushi, domin ƙasa ce ta gero da riɗi, ba kogi ba rafi, ruwan sha ma sai guga ta yi tafiya mai nisa. Amma Ɗantsoho masunci ne, ubansa ma haka, kuma duk sana'ar gidansu a kan tabki ɗaya ta rataya, Tabkin Kyara da ke yamma da ƙauyensu. Da damina yakan cika ya bazu har gindin itatuwan gawo. Da kaka ya fara ja da baya, kafin bazara ya koma fili tsattsagagge, awaki na ratsa shi. A lokacin ne 'yan tsokana ke tare Ɗantsoho a kasuwa suna cewa, "Sarkin ruwa, ina aka ajiye kifin naka?" Shi kuwa, gajere ne mai faso a dugadugai, sai ya nuna ƙasa da haɓa ya ce yana nan yana barci.

Gaskiya yake faɗa. In ruwa ya janye, gaiwa kan nutse cikin laka ta naɗe kanta, ta bar 'yar ƙofa ƙarama da take shan iska, ta kwanta har sai sabon ruwa ya tashe ta. Masu haƙo ta sun san ƙofar nan. Tun kaka da kakanni ana haƙar gaiwa a gefen Kyara da rani, amma tsakiyar tabkin, wadda ake kira cibiya, ba a taɓa ta. Can ne laka ta fi zurfi, can ne manyan gaiwa da tarwaɗa ke fakewa, su ne kuma ke cika tabkin da 'ya'ya idan shekara ta kewayo. Uban Ɗantsoho ya kewaye wurin da turakun kirya, kuma magana ɗaya ya bar masa: cibiya rumbun iri ce, wanda ya ci iri ya cinye baɗi.

Masifar ta fara ne a shekarar da aka raba gidan sauro a asibiti. Samari suka gane cewa abin ya fi kowace irin koma kamu, suka shiga jan tabkin da shi, suna kwaso har 'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Ɗantsoho ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Suka ce, "Baba, tabkin nan gadonka ne?" Abin ya ci masa rai ƙwarai, don bai taɓa tunanin akwai ranar da za a tambaye shi haka ba.

Ana cikin haka wani ma'aikacin gwamnati mai kula da kamun kifi, Malam Dalhatu, ya zo ƙauyen ya sanar cewa duk mai kamawa don sayarwa sai ya yanki lasisin jiha. Wasu suka yi gunaguni. Ɗantsoho kuwa washegari ya sa babbar rigarsa ta salla ya hau mota zuwa Gumel. Aka ɗauke shi hoto, ya dangwala yatsa, Malam Dalhatu ya karanta masa dokoki: ba zuba guba a ruwa, ba ja da gidan sauro, ba raga mai ƙananan ido. Kowacce aka karanta sai ya gyaɗa kai, ji yake kamar ubansa ne ya dawo ya zama gwamnati. Ya kai takardar aka liƙe masa ita cikin leda, ya cusa a aljihun ƙirji.

Ranar Juma'a bayan an sauko, a ƙofar gidan Bulama, mai garinsu, ya ɗaga ta sama gaban jama'a.

"Kun ce tabki ba gadona ba ne, na yarda," in ji shi. "Daga yau a daina zancen kaka da kakanni. Abin da takardar nan ta hana, shi ne hananne a Kyara. Abin da ba ta hana ba, kowa ya yi."

Dattawa suka ce madalla. Ya koma gida yana tafiya kamar wanda aka yi wa naɗi. Matarsa Kyauta tana surfe, ta riga ta ji labari, ta tsayar da taɓarya.

"Malam, a cikin abin da aka karanta maka, an ambaci cibiya?"

"Ke, gwamnati ce fa. Abin da na sani a ce ba ta sani ba?"

Kyauta ta ci gaba da surfenta. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, amma ba a ranar yake yankawa ba.

Da fari abin ya yi kyau. Gidan sauro ya koma kan gadaje, kifi ya yi albarka, Kyauta ta yi ta banda har maƙwabta na ƙorafin hayaƙi. Ɗantsoho ya maida takardar tamkar laya, ko bikin suna za shi tana ƙirjinsa.

Yana da ɗan ƙane, Abduljabbar, magidanci mai 'ya'ya, ɗan acaɓa da ke kai kaya kasuwar Maigatari kowace Alhamis. A can ya ga yadda fatake daga ƙetaren iyaka ke rububin bandar gaiwa da rani, lokacin da kifi ya yi wuya. Ba mugun mutum ba ne, yana da baki da yawa da zai ciyar, gonarsa kuma ba ta yi ba. Shi ma ya je Gumel ya yanko tasa takardar, iri ɗaya sak, har ledar.

Da bazara ta kama, wata safiya Ɗantsoho ya je zagaye ya tarar an tumɓuke ɗaya daga cikin turakun cibiya an yar. Ya mayar da shi, ya ce wa kansa shanu ne. Bayan kwana biyu ya ga rami sabo a cikin da'irar, zurfin kamu ɗaya, da sawun tayar babur a gefe. Wannan kam ya san ba shanu ba ne. Tun daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi.

Ranar da abin ya faru, tun daga nesa ya hango shirwa na shawagi a kan tabkin. Da ya matso sai ya ji ƙarar diga. Abduljabbar ne da mutanen da ya ɗauko aiki, sun buɗe cibiya kamar masu haƙar kabari, baƙar laka tuli-tuli. Gaiwa manya, irin waɗanda Ɗantsoho bai taɓa yarda idonsa ya gani a waje ba, suna zube a kan buhu suna wani ɗan kuka siriri.

"Abduljabbar, ka san inda kake haƙa?"

"Na sani, Baffa." Ya goge hannu a wando ya zaro takardarsa. "Na sa an karanta mini ita daga sama har ƙasa. Ba guba na zuba ba, ba raga na ja ba. Ƙasa nake haƙa, babu ko ɗigon ruwa."

"Kakanka ne ya kafa turakun nan."

"Allah ya jiƙansa. Amma Baffa, kai ka ce a daina zancen kaka da kakanni."

Ɗantsoho ya ruga wurin Bulama. Bulama ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce a ƙofar nan aka yi maganar, a gaban mutane, da wane baki zai warware ta? Aka kira Malam Dalhatu a waya. Shi ma ya yi jimami, ya ce dokar an rubuta ta ne da koguna da madatsun ruwa a zuciya, ba ta san da kifin da ke kwana a busasshiyar ƙasa ba, amma zai kai maganar gaba. Diga kuwa ba ta jira a kai magana gaba ba.

Da yamma ya koma ya tsaya a bakin ramin. A ƙarshe mutumin da ake kira sarkin ruwa ya roƙi ɗan ƙanensa ya bar masa dunƙulen laka kaɗan da ba a fasa ba, masu gaiwa a ciki. Abduljabbar ya kau da kai don kunya ya ce ya ɗauka. Ɗantsoho ya rungume su ɗaya bayan ɗaya kamar jarirai, ya binne su a inda laka ke da sauran danshi, ya daidaita ƙofar iskar kowanne tana kallon sama. Ko sun jigata, ko suna da rai, ba shi da hanyar sani sai ruwa ya zo.

Ruwa kuwa ya yi jinkiri a shekarar. Hadari ya yi ta haɗuwa a gabas, baƙi ƙirin, ya watse ba ɗigo. Da ya sauka ya sauka da ƙarfi, Kyara ya cika har gindin gawo, kwaɗi suka cika gari da kuka. Gaiwa dole ta leƙo saman ruwa ta sha iska, don haka Ɗantsoho ya riƙa zama a bakin tabkin tun hantsi, ba fatsa ba koma, ido kawai ya zuba. A shekarun baya ruwan kan yi ta motsi ko'ina. Bana shiru yake, lumui.

Kyauta ta kawo masa fura wata rana, ta tarar takardar na ajiye a ƙasa kusa da takalmansa, ya danne ta da dutse.

Tana shirin komawa ya kama bakin zanenta. Can wajen cibiya ruwa ya ɗan buɗe, wani baƙin kai ya leƙo ya koma, da'ira guda ta bazu a hankali. Hawaye suka cika masa ido don murna, ya ce, "Kin gani? Akwai saura."

Kyauta ba ruwan take kallo ba. A ɗaya gaɓar, ƙarƙashin gawo, wani babur na tsaye an kashe shi, Abduljabbar na zaune a kai, shi ma idonsa na kan da'irar.