Baba Matiyu, Mai Gyaran Allunan Teku na Woolwich

Ƙarfe bakwai da rabi na safe Baba Matiyu Pam yake ɗaga ƙofar shagonsa, a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa da ke bayan kasuwar Woolwich. Kafin ma ya rataye rigar sanyinsa sai ya bi allunan da ke jingine a bango, yana shafa su ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu. In ya ji ɗan tsagu, sai ya sunkuya ya kafa baki a wurin ya tsotsa. Baƙon da ya fara ganin haka yakan ɗauka tsohon ya taɓu. Lafiyarsa lau. In ya ji gishiri a harshe, to ruwan teku na nan maƙale a ciki, kuma ba zai sa wa allon gam ba sai ya bushe ƙarau, ko da mai shi zai durƙusa yana roƙo.

Allunan na masu hawan igiyar ruwa ne, mutanen nan da suke kwanciya a kan dogon allo su kutsa cikin teku, su jira igiyar ruwa ta taso ta fi tsayin ɗaki, su miƙe tsaye a kanta ta kawo su gaɓa. Cikin allon soso ne mai tauri, bayansa kuma an lulluɓe shi da faiba, wato zaren gilas, da gam. A wutsiyarsa akwai ɗan gurbi inda ake ɗaura maɗauri na roba, ɗaya bakin maɗaurin kuma a idon sawun mai hawa. In ruwa ya kayar da mutum, wannan maɗaurin ne yake hana allon gudu ya bar shi. London ba ta da tekun da ake hawa, amma tana da ɗaruruwan masu wannan larura, waɗanda suke aikin ofis duk mako, ranar Juma'a su ɗaure allo a kan mota su nausa Cornwall ko Wales. In allon ya fashe, Woolwich ake kawo shi.

Shekara ashirin da biyu Baba Matiyu ya yi yana wannan aiki, kuma shi kansa ko iyo bai iya ba. Ɗan Ɓukur ne kusa da Jos, ruwan da ya sani yana yaro shi ne na kududdufan haƙar kuza, waɗanda uwarsa ta hana shi ko leƙawa. Asabar ɗin da ta wuce ya ajiye aiki, saboda ƙurar faiba ta cinye masa ƙirji, likita ya ce ya isa haka. Amma a ranar ya kusa ƙin miƙa makulli, domin allo na ƙarshe da ya fita daga hannunsa yana can wani tsibiri da 'yar mutane a kansa, kuma ba a ji ɗuriyarta ba.

Yana da doka guda a shagon. Duk wanda ya karɓi allo daga wurinsa, ranar da ya fara shiga ruwa da shi, in ya fito sai ya kira. Ba saƙo ba, kira, ya ji murya. Har sai an kira, a wurinsa aikin bai ƙare ba. Wasu sukan yi masa dariya su ce tsoho ya cika sa ido. Ko a jikinsa.

Dokar tana da asali. Da ya zo ƙasar nan gyaran bodin mota yake yi a wani gareji, sana'ar da ya taso da ita tun Jos. Wata rana maƙwabcinsa Ephraim, ma'aikacin jinya, ya kawo masa allo da ya ɗan fashe kusa da gurbin maɗauri, ya ce ko zai iya taɓa masa. Matiyu ya duba ya ce wannan ai aikin rabin awa ne. Ya cike wurin da fotin da ake cike ramin bodin mota, ya goge, ya fesa fenti, har ba ka gane inda aka taɓa. A wajen mota wannan aiki ne na a yaba. Bai san akwai ruwa a ciki yana cin soson ba, bai kuma san fotin mota ba ya lanƙwasa yadda allo yake lanƙwasa a cikin ruwa ba.

Bayan mako biyu Ephraim ya shigo garejin, ya ajiye maɗauri a kan tebur, gurbin yana reto a bakinsa da guntun soso. Igiyar ruwa ta fizge gurbin daga jikin allon a wani bakin teku da babu kowa, allon ya tafi, Ephraim ya yi kusan awa guda yana iyo bakin rai bakin fama kafin ƙafarsa ta taɓa yashi. Bai yi faɗa ba. Ya dai ce, “Matiyu, na ga fenti ya yi kyau. Na kusa mutuwa.”

Matar Matiyu, Chundung, ta ce kwana uku bai ci abincin kirki ba. Da wani ne, da ya ce daga yau ba shi ba allo. Shi kuwa sai ya ɗauki hutunsa na shekara ya tafi Cornwall, ya yi wata guda yana sharar shagon wani tsohon Bature mai ƙera alluna, don a bar shi ya tsaya yana kallo. A can ya koyi tsotsar tsagu, da jiran bushewa, da wane gam yake shiri da wane soso. Ya dawo ya kama wannan shago, kuma Ephraim ne ya fara kawo masa aiki.

Yanzu ga labarin allo na ƙarshe. Mai shi Zarah ce, 'yar Dakta Abdulƙadir na Kano, haifaffiyar London mai shekara ashirin da tara. Tun tana jami'a take hawan igiyar ruwa, kuma waɗanda suka san harkar sun ce ta ƙware. Ita da ƙawayenta biyu suka shirya zuwa wani tsibiri a yammacin Scotland, inda jirgin fito yake zuwa sau uku kawai a mako. Bakin tekun yashi ne zalla, babu masu ceto, babu shago, babu sabis na waya sai an hau tudu. Yashin ƙasan ruwan yakan sauya wuri bayan kowace guguwa, don haka inda ruwa yake ja zuwa ciki bara ba nan yake ja bana ba. Wuri ne da ba a kai ɗan koyo, kuma wannan ne ya sa take son sa.

Ta kawo allon saura kwana shida tafiya, da tsagu a gefen gurbin maɗauri. Baba Matiyu ya tsotsa, ya tofar, ya ce kwana goma.

“Baba, na yi booking ɗin jirgi,” in ji Zarah. Hausarta takan fito ne a hankali, tana jan Turanci a bayanta.

“Ki yi cancel.”

“Ƙaramin tsagu ne fa. Ka toshe kawai.”

“Na taɓa toshe wa wani. Je ki tambayi Ephraim.”

Ta cika ta yi fam, ta fita ba sallama. Da yamma ta kira ta ce sun ɗaga tafiyar da mako biyu.

Kashegari sai ga Dakta Abdulƙadir da kansa a shagon, da kwat da jaka, zai wuce asibiti. Mutum ne da bai taɓa samun natsuwa da wannan wasa na 'yarsa ba, ya yi faɗa ya yi lallashi har ya gaji. Bayan gaisuwa ya sassauta murya ya ce, “Malam Matiyu, alfarma nake nema. Ka ce mata allon ba zai gyaru ba. Maganarka take ji.”

Baba Matiyu ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Shi ma uba ne, ya san abin da yake cin mutumin. Ya ce, “Likita, in na faɗa mata haka, za ta ari na wani ta tafi. Gara ta tafi da wanda na san cikinsa.”

Dakta ya ɗauki jakarsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, “Rai a hannun Allah yake. Amma allon daga hannunka zai fito.”

Wannan magana ta zauna masa a ƙirji. Ya cire tsohon gurbin gaba ɗaya, ya rarake soson da ya jiƙa har sai da ya tarar da fari tas, ya dasa sabo, ya shimfiɗa faiba ninki uku a inda ake yin biyu. Da ya gama, ya ɗaura maɗaurin a ƙarfen gadar ya jingina da dukan nauyinsa yana ja, yana tari. Chundung ta ce masa in bai kashe kansa ba ba zai huta ba.

Sai aka yi rashin sa'a ranar da Zarah za ta fara shiga ruwa ta faɗo daidai da ranar bikin sallamarsa. Ta ce za su shiga da safe, za ta kira kafin sha biyu. Aka share shago aka jera kujeru. Chundung ta kawo gwate da masa, Turawa masu alluna suka zo da kek, Ephraim ya zo da furfurarsa, Dakta Abdulƙadir ma ya zo, don ya ce zaman gida ba zai yiwu masa ba.

Sha biyu ta yi, ɗaya ta yi, wayar shago shiru. Dakta ya kira lambarta sau ba adadi, ba ta shiga. Ephraim ya duba hasashen teku a wayarsa, ya ga ruwan ya tashi fiye da yadda aka zata, ya mayar da ita aljihu, amma Baba Matiyu ya ga fuskarsa. Aka zuba masa abinci ya ce a rufe. Aka ce ya zauna a fara jawabi ya ce a dakata. Yana tsaye kusa da wayar, hannunsa ɗaya a kan tebur, yana bin aikin a ransa daga farko: ya rarake sosai kuwa? Gam ɗin ya kama, ko sanyin makon nan ya hana shi? Ya ji tsoro irin wanda bai ji ba tun ranar da Ephraim ya ajiye maɗauri a gabansa, kuma bai ɓoye ba. Ya ce wa matarsa, “In yarinyar nan ba ta fito ba, ni na tura ta.”

Da la'asar ta yi, shi ya janye alluna biyu ya shimfiɗa wa Dakta kwali mai tsabta ya yi salla. Wakilin masu shagon yana gefe yana duba agogo, yana jiran makulli. Ba wanda ya kula shi.

Ƙarfe huɗu da minti ashirin wayar ta yi ƙara. Ya ɗauka, shagon ya yi tsit, har ana jin iska tana kaɗawa a ɗaya ɓangaren.

“Baba, ni ce. Na fito.”

Ta ce wata igiyar ruwa ta faɗo mata a ka ta karya allon biyu, ruwa ya ja ta can ciki inda ƙawayenta ba sa iya kai mata. Ta jawo maɗaurin ta tarar da rabin allo a bakinsa, ta kwanta a kai ta riƙa tuƙi da hannu ta gefe har ta fita daga inda ruwan yake ja. Haɓarta ta fashe, sai da suka tsayar da jinin, sannan ta taka mil biyu ta hau tudu don ta sami sabis.

Baba Matiyu ya ce, “A ina ya karye? A inda na gyara?”

“A'a, Baba. A tsakiya. Inda ka gyara shi ne ya rage a ƙafata.”

Ya miƙa wa ubanta wayar, ya lalubi kujera ya zauna, ya rufe fuska da hularsa. Dakta ya yi magana da 'yarsa, ya yi hamdala ya sake yi, sannan ya zo ya dafa kafaɗar Baba Matiyu ya ce, “Ni na haife ta, kai ta fara kira.” Yana faɗa yana share ido.

Baba Matiyu, kai ne wanda ya yi kuskure sau ɗaya, ya ƙi mantawa da shi har shekara ashirin da biyu. Kai ne mai aikin da fenti yake rufewa, wanda ba a ganin kyansa sai ranar da ruwa ya gwada shi a inda babu mai kallo. An nemi ka yi ƙarya don tausayi ka ƙi, ka zaɓi ka ɗauki nauyin a wuyanka. Babu gasar da aka ambaci sunanka a cikinta, babu hotonka a jikin allon kowa. Amma akwai mutane a London da suke kai 'ya'yansu makaranta yau saboda ka ce musu kwana goma lokacin da suke son ka ce gobe.

Mun gode, mu da muka san ka da waɗanda ba su san hannunka ne ya dawo musu da nasu gida ba. Allah ya ba ƙirjinka lafiya, ya ba ka hutun da ka daɗe kana hana kanka, ya saka wa Mama Chundung da ta jure ƙura da tari. Ku kuma masu gyaran birki, da masu haɗa wayar lantarki, da masu auna magani, da duk wanda wani yake ɗora ransa a kan aikinsa ba tare da ya ga cikinsa ba, ku yi koyi da mutumin nan. In abu bai bushe ba ku ce bai bushe ba, ko da mai shi zai fita yana fushi.

Zarah ta iso London ranar Talata, da ɗinki huɗu a haɓa, tana tafiya da ƙafarta. Ubanta ne ya tarye ta a tasha, kuma shi ya rungumo mata rabin allon har mota.