Kawu Iro Ya Kai Laraba Bakin Teku

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kawu Iro a Burumburum ya san da takalmi a hannu ake shigarta, kamar masallaci. Ku da kuka yi zamani da shi ba sai na rantse muku ba. Zai tsaya a bakin ƙofa ya dubi ƙafarka, ya dubi fuskarka, har sai ka sunkuya ka cire. Dagaci ma bai tsira ba. Ranar da zai kai shi taro Tudun Wada, dagaci ya ɗaga ƙafa zai shiga da takalminsa, Kawu ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, garin naka ne, motar kuwa tawa ce." Da safa dagaci ya yi tafiyar.

Sunan motar Laraba, domin ranar Laraba Baturen da Kawu ya yi wa tuƙi a haƙar kuza ta Riruwai ya miƙa masa makullinta zai koma ƙasarsu. Doguwa ce, ruwan toka, mai ƙofa a baya. Allah bai ba Kawu haihuwa ba, mutanen gari kuwa da bakinsu suka ce ai ga 'yarsa nan. Ba ya danna mata hon, wai kada muryarta ta dushe, sai dai ya leƙo kai ta taga ya ce wa jaki ko mai keke, "Gafara dai." Idan rana ta take sai ya nemi inuwa ya ajiye ta, ko da kuwa amarya ya ɗauko. In ka yi ƙorafi amsarsa ɗaya ce: "Ƙarfe ma yana da haƙƙi."

Gari na dariya, amma a gidanmu akwai abin da ba a yi wa dariya. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ina da wayo lokacin da abin ya faru. Wata damina ciwo ya taso wa kakarmu, mahaifiyarsu, bayan an kwana biyu ana ruwa. Ƙaninsa, Kawu Sale, ya zo ya ce a tada mota a kai ta asibitin Tudun Wada. Kawu Iro ya fita ya duba hanya, ya ga laka har gwiwa, ya dawo ya ce a bari zuwa gobe hanya ta sha iska. Kawu Sale ya ɗora ta a amalanken shanu. Ba su yi rabin hanya ba ta cika. Ana gama sadakar bakwai ya ɗauki jakarsa ya yi kudu, shekara goma sha tara ba wanda ya ga ƙeyarsa. Kawu Iro bai taɓa ambaton ranar ba, mu ma ba mu taɓa ba.

Ina koyarwa a firamaren Ƙofa, da mata da 'ya'ya biyu, wasiƙa ta same ni bayan an gama girbi. Matar Kawu Sale ce ta sa aka rubuto. Yana kwance a wani ƙauyen masunta bayan Epe, ciki ya kumbura, ba a sa masa rai, kuma ba ya ambaton kowa sai yayansa. Wasiƙar ta yi mako biyu a hanya.

Na karanta wa Kawu a ƙofar gida. Na ce, "Kawu, mu fita Kwanar Ɗangora mu hau motar haya, jibi war haka mun isa."

"Da Laraba za mu."

"Kawu, Larabar da ba ta taɓa wuce Zariya ba?"

"Yanzu za ta wuce."

Washegari na tarar ya kwantar da kujerun baya, ya shimfiɗa sabuwar katifa, ya lulluɓe ta da zane. Na tambaye shi ta mece ce, ya ce shi bai tambaye ni abin da ke cikin jakata ba.

Jama'a, na sha tafiya a rayuwata, amma ban taɓa shan irin wannan ba. Masu keke suna wuce mu suna yi mana sannu. Duk gangara sai ya kashe inji ya bar ta ta sulala, wai ta numfasa. Daga azahar zuwa la'asar tana ƙailula a gindin bishiya, ni ina zagaya bishiyar, wasiƙa na ƙuna a aljihuna. A gadar Jeba ya tsaya ya ce in sauka.

"Me ya faru?"

"Ka taka da ƙafa ka same mu a wancan ƙetaren. Ba ta saba da gada ba, kada nauyi ya yi mata yawa."

Manyan motoci maƙare da shanu suna haye gadar nan, ni ne nauyin da ya yi yawa. Na ƙetare kogin Kwara a ƙafa, takalmina ma a cikin motar na manta su.

A Ilori, kwana na uku, haƙurina ya ƙare. Yana goge gilashi da tsumma a inuwar mangwaro, na ce, "Kawu, mutum ne fa yake mutuwa." Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar.

Bai daina gogewa ba. Ya ce, "Na sani. An taɓa faɗa mini haka." Can ya ninke tsumman, ya nuna katifar da haɓa. "Tasa ce. A kanta zan dawo da shi gida, a cikin motar nan. Abin da na hana tsohuwa shi zan kai masa. In na je a motar haya, me na je da shi?"

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba. Daga ranar dai ya soke ƙailula, ya kuma ƙara wuta, wato masu keke suka daina wuce mu.

Ikko kam ya rantse ba zai shiga ba, ya ji labarin yadda ake goge wa motoci jiki a can. Muka zaga ta Ijebu muka faɗa Epe, daga nan muka kama wata hanya rabi jar ƙasa rabi yashi. Kwana biyu muka yi muna bin ƙauyukan gaɓa ɗaya bayan ɗaya muna tambayar Sale Bahaushe mai bandar kifi. Ba zan ɓoye muku ba, ƙasar nan tana da kyau, har na riƙa jin kunyar kallonta alhali ga abin da ya kawo mu. Bishiyoyin kwakwa ne a jere iyakar ganinka, dogaye kamar giginyar da ta yi jinya, duk sun karkata waje guda. Ta hagu tafki kwance shuɗi, maza tsaye cikin kwalekwale suna jefa komar kamun kifi. Bukkokin ganyen kwakwa, hayaƙin banda na tashi daga kowace, mata na shanya kifi a kan raga. Iskar kuwa in ta buge ka sai ka ji gishiri a leɓe. Da Kawu ya fahimci haka ya rufe tagogi ruf, muka riƙa dahuwa a ciki.

Inda muka fara ganin tekun kanta, ya kashe mota ya fito ya tsaya, hannu a baya. Na zaci tasbihi yake. Ya daɗe sannan ya ce, "Duk wannan ruwa, babu wanda ya shuka ko albasa a bakinsa. Mutanen nan ba su san fadama ba." Na ce ai ruwan gishiri ne. Bai yarda ba sai da ya ɗiba a tafin hannu ya kai baki. Ya tofar, ya goge gemu, ya ce, "Asara."

Kwana na shida da hantsi muka sami ƙauyen. Wata mace gajera ta fito da gudu tana ɗaura kallabi, ta durƙusa har ƙasa. Ita ce Risi, matar Kawu Sale, Bayarabiya, ta koyi Hausa a bakin mijinta, har da karin Burumburum. Ta ce yana da rai.

Kawu kuwa sai da ya nemi wurin ajiye mota. Risi ta nuna masa gindin kwakwa a ƙofar bukkarsu. Ya ɗaga kai ya ga 'ya'yan kwakwa reto a sama kamar kawunan mutane, ya ce ba da shi ba. Busasshen yashi kuma taya na nutsewa. Can ƙasa ya hango wani fili sumul, yashi mai tauri, a share kamar farfajiyar masallaci, ruwa kuma can nesa da shi. Ya lallaɓa ta ya kai ta wurin, ya kulle ƙofofi duka, ya rataya makulli a wuya.

Risi ta ce, "Baba, nan ba a ajiye komai. Ruwa zai zo."

Kawu ya dubi sama, ko ɗigon gajimare babu. "Da rani tsaka?"

"Kullum yana zuwa, Baba."

"'Yar nan, shekara arba'in ina ƙetare rafukan Doguwa. Ruwa ba ya zuwa sai an yi hadari."

Ta dube ni. Ni da na karanta labarin cikowar teku a littafi, har na koya wa 'yan aji shida, wallahi a ranar Kawu na gaskata. Ruwan ya yi nisa, sama kuma garau.

Da muka shiga bukkar ban gane Kawu Sale ba. Fata ce da ƙashi, sai ciki. Ido kawai ya rage nasa. Kawu Iro ya zauna a bakin tabarma, suka shiga gaisuwa. Ina gajiya, ya hanya, ya jiki, ya mutanen gida, ya aka ji da amfanin gona, wane yana nan, wance ta rasu. Su kai ƙarshe su sake dawowa farko. Kun san halinmu, babba ba ya neman gafarar ƙaninsa, shi ake nema. Ƙanin kuma ya san ba shi ya yi laifi ba. Har aka yi azahar suna kewaya maganar, ni ina jin numfashin mara lafiya na ƙara gajarta.

Can Kawu Sale ya ce, "Da me kuka zo, Yaya?"

"Da mota."

"Tana nan ashe."

"Tana nan."

Kawu Sale ya miƙo hannu ya kama wuyan hannun yayansa.

A nan na ji hayaniya a waje, na fita. Filin nan sumul babu shi. Ruwa ya kai tayoyi, duk igiyar ruwan da ta zo ta koma sai ta kwashe yashin da ke ƙarƙashinsu, motar na ƙara zama. Masunta sun fito da igiyoyi suna nuna mini ƙofa da hannu, suna son a buɗe a saki birki. Na koma da gudu.

"Kawu, ruwa ya kai tayoyin Laraba. A ba da makulli."

Na ga gwiwarsa ta tashi daga tabarma. Ya riga ya fara miƙewa. Kawu Sale ya saki hannunsa a hankali, ya ce da muryar da sai ka kasa kunne, "Je ka, Yaya. Je ka duba ta." Babu gatse a ciki, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya san yayansa, ya kuma daina sa rai.

Kawu Iro ya tsaya a haka, bai miƙe ba bai zauna ba. Sannan ya ciro makullin da ba a taɓa ganinsa a hannun wani ba, ya jefo mini ko dubana bai yi ba. Ya koma ya zauna, ya ɗauki hannun da ya sake shi ya riƙe da hannu biyu. Ina bakin ƙofa na ji ya ce, "Sale, ranar nan ni na yi laifi. Na san haka tun kafin amalanken ya dawo. Ka yafe mini."

Kawu Sale ya ce, "Na yafe, Yaya. Ni ma ka yafe mini, na bar ka da kabarinta kai kaɗai."

Mu kusan ashirin muka ja motar nan. Ta riga ta zauna har ciki. Igiya ta tsinke sau biyu, ta ukun ƙarfen gaban ne ya ɓalle ya biyo mu muka zube a ruwa. Kafin la'asar ruwa na shiga ta wannan taga ya fita ta waccan. Ƙofar baya ta buɗe, sabuwar katifa ta fito tana iyo, zanenta a kanta, yara na binta da ihu. Na zauna a yashi na yi kuka, har yau ban san wa na yi wa ba. Kawu bai leƙo ba ko sau ɗaya.

Washegari da hantsi Kawu Sale ya cika, kansa a cinyar yayansa. Kawu Iro da kansa ya yi masa wanka. Muka rufe shi a maƙabartar ƙauyen, cikin yashi, tsakanin bishiyoyin kwakwa. A hanyar dawowa ruwa ya janye, ga Laraba can kwance a gefe guda, rabinta a binne. Na ce, "Kawu, ba za ka je ka gan ta ba?"

Bai waiwaya ba. Ya ce, "Ba ita na zo gani ba."

A bayan motar goro muka dawo, zaune a kan huhunan goron. Shekara huɗu Kawu Iro ya ƙara a duniya yana yawonsa a ƙafa, ba ya son a yi masa maganar mota, amma ko yaushe ka ambaci Sale zai ba ka labarinsa tun daga yarinta, har ka gaji.

Ya Allah ka jiƙan Kawu Iro. Ya yi jinkirin da ba ya gyaruwa, ya ɗauki nauyinsa shi kaɗai shekara goma sha tara, ka sauke masa. Ƙaninsa ya yafe masa a gabana, kai kuma ka fi kowa yafiya. Ka haɗa su da tsohuwarsu cikin rahamarka. Amin.