Kawu Arzika da Maƙogwaron Mota

Duk wanda ya san Kawu Arzika Wanzami ya san ba ya wuce mota a tsaye bai zura mata yatsa a salansa ba, wato bututun hayaƙi, ko ta wane ne. Zai duƙa, ya lakato baƙin, ya murza, ya kai hanci, sannan ya miƙe ya nemi mai motar ya yi masa jaje. Ku da kuka zauna da shi a Aliero kun gani da idonku, ba sai na rantse ba. Ni kuwa ɗan ƙanwarsa ne, danga ɗaya ta raba gidana da nasa, don haka abin da na gani ya fi naku. Wallahi har yau in na ji ƙaurin gas sai gabana ya faɗi.

Wata rana a tashar Jega ya duƙa bayan wata gingimari, bai san direba na ciki ba. Direba ya tayar, ya taka mai. Hayaƙi ya rufe Kawu ruf! Na dafe kai, na ce shi ke nan, an yi baya an take shi, me zan je in gaya wa uwata? Da hayaƙin ya washe sai ga shi a tsugune, fuska baƙi ƙirin, idanu kawai ke haske. Ya yi tari, ya tofar, ya kewaya wajen direban.

"Yaro, motakka na da majina."

Direba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Baba, kai lahiya kake?"

"Ni lahiyata lau. Ita ta ba ta da lahiya."

To, mutumin da ke yi wa motocin mutane haka, ku ƙiyasta ranar da ya samu tasa. Shekarar da aka ba mu jiha aka ɗauke wani malamin gona, Mista Bitrus, zuwa Birnin Kebbi. Kafin ya tashi ya sayar wa Kawu tsohuwar motarsa mai shan gas. Mutumin kirki, har da riƙe masa hannu yana cewa in ta fara ciwo a kai ta wurin makanike. Kawu ya ce to. Wannan "to" ɗin ita ce ta farko, ita ce ta ƙarshe. Da motar yake zuwa askin suna Katanga da Mungadi da Maiyama, zabirarsa ta wanzanci a kujerar gaba, mutane a baya.

A wannan shekarar ne ni kuma na fara noman albasa na kaina, ina sabon aure. Da aka cire, na zuba ta a rudu, rumfar nan ta kara da ciyawa da muke ajiye albasa ta jira damina ta yi daraja. Abincinmu na shekara yana cikin rudun nan, da irin baɗi, da hidimar haihuwar da matata ke jira. Ba ni da wani abu bayan shi. Wurin da ya rage mini a gida kuwa jikin dangar Kawu ne, nan na kafa shi. Ta ɗaya gefen dangar, daidai saitinsa, nan Kawu ke ajiye mota. Ga bazara, ga busasshiyar ciyawa, ga gas, ga Kawu. Tun daga nan barcina ya ragu.

Ba a daɗe ba motar ta fara gajiya. In ta ga ɗan tudu a hanyar Maiyama sai ta yi ta nishi tana feso baƙin hayaƙi, jakuna na wuce mu. Da ƙyar na lallashe shi muka shiga wurin wani makanike a Jega Magaji. Makaniken ya kwance roba ya leƙa, ya ce manifol ne ya toshe, wato bututun ƙarfen nan mai baki huɗu da iska ke bi ta shiga inji. Baƙin hayaƙi da mai sun daskare a ciki kamar kwalta, iska ba ta samun hanya. Ya ce a bar masa ita ya wanke.

Kawu ya leƙa shi ma, ya yi murmushi.

"Ashe maƙogwaro na. Ni da nike hidda belu ga jinjiri ɗan kwana bakwai, wanga ka gagarata? Rufe mini abina. Ƙanƙanen aiki na."

Kun dai san wannan magana. A gidanmu in Kawu ya ce "ƙanƙanen aiki na," mata kan kwashe yara su shige ɗaka.

Washegari ya ari sifana ya kwance maƙogwaron. Ya shimfiɗa tabarma, ya zauna da shi a cinya kamar yadda yake zaunar da mai belu, ya ɗauki wata tsohuwar aska ya yi ta kankara. Baƙin abu na fita gaya-gaya. Inda aska ba ta kai ba ya ce sai an dafa. Matarsa Inna Hajo ta tafi barka, sai ya sauko da babbar tukunyarta ta biki, ya zuba ruwa da kanwa, ya jefa ƙarfen a ciki, ya hura wuta da kara. A ina? Jikin danga! Na tsaya ta gefena rungume da tulun ruwa, ina bin kowane tartsatsi da ido, bakina na salati. A haka Inna ta dawo ta tarar da baƙin kumfa na tafasa yana zuba.

"Malam, mi kaka dahwawa cikin tukunyata?"

"Magani."

"Na wa?"

"Na mota."

"To madalla. Ita ka yi maka tuwo yau."

Ranar a gidana ya ci tuwo, yana ci yana ba ni labarin yadda mata ba su san darajar inji ba.

Dahuwa ba ta fid da na cikin lungu ba, mota ta ci gaba da tari. Sai ya sake kwancewa, wannan karon ya jiƙa maƙogwaron a daro da fetur ya kwana. Da safe ya tsamo, ya ɗan girgiza, ya mayar ya ɗaure, ko robar gaba bai mayar ba don zumuɗi. Na ce, "Kawu, ba a bari ya bushe?"

"Mai na fa, Bello. Mota ka tsoron mai?"

Ya shiga ya murza makulli. Jama'a, ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake ji. Injin ya ɗauka da kansa, ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, motar na rawa a kan tayoyinta. Ashe fetur ɗin da ya kwanta a lungun bututun take zuƙa. Kawu ya kashe, ya zare makulli, ya fito da shi a hannu yana nuna mini, mota kuwa ba ta san an yi ba. Kaji suka watse, akuyar Inna ta tsinke igiya, maƙwabta na ihun aljanu sun shiga motar Wanzami. Ni abin da nake kallo ɗaya ne: salansa na fuskantar danga, tana tofo jan tartsatsi. Ƙafafuna na son gudu, zuciyata ta ƙi barin rudu. Na tsaya ina kururuwa ni ma, ko kaina ba na jin abin da nake faɗa.

Kawu ya tsaya jim, ya karkata kai kamar mai sauraron ƙirjin majinyaci. Sai ya zura hannu cikin mota, ya fizgo zabirarsa, ya zazzage asake a ƙasa, ya maka fatar a bakin bututun ya danne da ƙirji. Injin ya shaƙe, ya yi gurnani, ya girgiza, ya mutu. Unguwa ta yi tsit. Ya ɗago yana haki, gumi na zuba, ya dube ni.

"Ka gani? Da can ko tudu ba ta hawa. Yanzu ko makulli ba ta so."

Na ɗauka wannan ta ishe shi darasi. Ina! Kwana kaɗan ya dawo daga Jega fuska a sake. Wani direban gingimari ya gaya masa su ƙone nasu suke yi: a kunna wa baƙin wuta a cikin bututun, a yi ta ba shi iska har ya cinye kansa. Ya je wurin Hantsi maƙeri aron zuga-zugi. Hantsi ya ba shi, amma da ya ce ya zo ya taya shi zuga, sai ya ce, "Zuga-zugi na ba ka, Arzika. Raina ban ba ka ba."

Na same shi na durƙusa har ƙasa. Na ce, "Kawu, don girman Allah, kai shi bakin fadama. Albasata ta ga nan, ba ni da komi baicinta."

"In kai majinyaci daji? Ana yin haka? Kwantar da hankalinka, ɗan ƙanwata. Ƙanƙanen aiki na."

Iyakar abin da na samu, ya yarda ya matsa tsakar gida. Na tura matata gidansu da tsohon cikinta, na cika duk abin da ke riƙe ruwa a gidana na jera jikin rudu, na ɗauki tulu na tsaya. Rana ta take, ciyawa har ƙamshin bushewa take yi.

Ya ɗora maƙogwaron a kan duwatsun murhu, ya tsiyaya kananzir, ya ƙyasta ashana, ya sa bakin zuga-zugi ya fara zugawa. Da fari hayaƙi ne kawai, mai kauri, mai ɗaci. Sai wani amo ya taso daga cikin ƙarfen, ƙasa-ƙasa, har cikin haƙorana nake jin sa. Sai wuta ta fito ta baki huɗun nan gaba ɗaya, tana huci, tana harbo garwashi sama.

"Ka ji ta!" in ji Kawu, yana zuga yana dariya. "Majina na hita!"

A nan ne guguwa ta shigo, irin 'yar ƙaramar nan ta tsakar rana da ke yawo da ganye. Ta bi ta kan murhun, ta kwashi garwashi, ta haye danga. Na ga gaya guda, ja jawur, ya sauka a kan rufin ruduna. Na ga ciyawa ta yi baƙi, ta yi hayaƙi, ta kama. Tulun ya suɓuce daga hannuna ya fashe, na tsaya ina kallo. Abin da ke cikin kaina kawai shi ne matata za ta haihu a gidan da ba ko ƙwayar hatsi.

Ban san yadda dattijon nan ya keta danga ba. Na dai gan shi ya taka daro ya ɗare gefen rudun, ya cusa hannu biyu cikin wutar, ya finciko ciyawar da ke ci ya watso ƙasa. Ya sake cusawa, ya sake fincikowa. Hannun rigarsa ya kama, bai ko duba ba. Yana yi yana daka mini tsawa, "Bello, ruwa! Ruwa, ɗan banza, mi kaka kallo!" Tsawar ce ta dawo da ni. Na yi ta watsa ruwa, maƙwabta suka kawo ɗauki, aka kashe. Kusurwa ɗaya ta rufin ce ta tafi. Albasa tana nan, sai 'yan na sama da suka babbake.

Sai da ya sauko muka ga hannuwansa. Inna Hajo ta dube su sau ɗaya ta zauna a ƙasa.

A bayan wata motar albasa muka kai shi asibitin Jega, don tasa na zaune ba maƙogwaro. Ina riƙe da shi ina kuka kamar yaro, shi kuwa yana cije leɓe, hannuwa a sama. Can ya ce, "Bari kuka, kana ba ni kunya. Albasa ta gasu?"

"Kaɗan, Kawu."

"A kai ma Hajo ta sa miya." Mota na ta jijjiga mu. Sai ya ce, "Ka leƙa maƙogwaron?"

Wallahi na leƙa, don a kansa na yi tuntuɓe da za mu fito. Na ce, "Ya hita tas, Kawu. Kamar sabo."

"Na hwaɗa maka."

Ku yi dariya, ni ma a cikin kukan sai da na yi. Mota kuwa ta warke, wannan gaskiya ne, ta yi shekaru tana hawa tudun Maiyama. Hannuwan ne ba su koma daidai ba. Ƙunar ta warke, amma yatsun suka lanƙwashe, suka ƙi miƙewa. Sitiyari yana iya riƙewa da tafin hannu. Aska kam bai sake riƙewa ba.

Da damina na sayar da albasata lafiya, matata ta sauka, aka samu namiji. Ranar suna sai wani wanzami aka kira daga Katanga. Kawu, wanda ya yi wa uwata ƙaho, ya yi mini askin suna, ya yi wa rabin yaran unguwar nan, ya zauna a gefen tabarma, hannuwa cikin riga, yana kallon wani na aske kan jikansa. Sau ɗaya ya yi magana, ya ce, "Sannu-sannu wajen maɗiga, yaro." Daga ranar har Allah ya karɓi abinsa, bai taɓa ce mini don albasata ya rasa sana'arsa ba. In na ɗauko zancen sai ya ce guguwa ce ba ta da tarbiyya.

Allah ya jiƙan Kawu Arzika, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya masa makwanci. Ya Ubangiji, hannuwan nan sun shiga wuta a duniya don abincin gidana. Kada ka bari ta sake taɓa su. Amin.