Ƙarfen da Inna ta sa aka tono

Jiya da rana tsaka, a gidanmu na Tofa, ina taɓa firji sai na ji kamar wani ya damƙe min hannu daga ciki. Da ƙyar na fizge.

Kakata Inna ta ce, "Ai asiri aka binne mana. Shekaranjiya na sa aka tono shi a bayan ɗakina, ƙarfe da waya, da gawayi da gishiri."

Na ce, "Inna, mai haɗa wuta ne ya kafa shi. Idan wuta ta ɓalle, shi ke kai ta ƙasa."

Ta ce, "To yanzu ina take zuwa?"

Na nuna mata hannuna da wutar ta ja.

Jama'a, tsofaffin gidanku sun san aikin ƙarfen nan kuwa?