Kunnen Baba Fanka

"Ni na buɗe shago ne don in cika wa maƙwabci aljihu?" in ji mai shagon.

Baba Fanka, mai gyaran kwamfuta, bai ɗago kai ba. Shekara ashirin da biyu ke nan yana zaune a kusurwar shagon. Laifinsa ɗaya ne. Wani mai haɗa bidiyo ya zo zai ɗauki laftof mai ƙwaƙwalwa biyu, don irinta ce kawai ta rage. Baba ya ce masa aikin bidiyo sai mai huɗu, ya nuna masa shagon tsallaken titi.

"Ranka ya daɗe, da ya ɗauka, jibi zai dawo da ita tana zafi kamar dutsen guga," in ji Baba.

Mai shagon ya ce ya tattara kayansa a ƙarshen wata.

Kullum ƙarfe takwas Baba yana nan. Ya goge tebur, ya jera sukundireba. Ba ya ba da shawara a tsaye. Zaunar da mutum yake yi, ya ce ya yi aikinsa na kullum a kan na'urar, shi kuma ya kara kunne yana sauraron fankar ciki. In ta yi shiru, biyu ta isa. In ta fara nishi kamar jaki a hawan tudu, a nemi huɗu.

Wata malamar firamare ta zo da ƙaninta, ƙanin ya kafe sai mai huɗu. Baba ya ji jarrabawa kawai take bugawa, makarantar kuma ba lantarki. Ya ce, "Ɗana, ƙarti huɗu a kan tsintsiya ɗaya? Kuma duk za su ci batir." Mai biyun na hannunta har yau.

Baba Fanka, kai ne ba ka taɓa sayar wa mutum abin da ya fi ƙarfin aikinsa ba, ko wanda aikin ya fi ƙarfinsa. Mun gode, Baba. Masu sana'a, a saurara kafin a yi magana.

Ranar ɗaya ga wata an share kusurwar, sababbin kaya sun iso. Wata mai zanen kaya ta tsaya gaban laftof biyu, mai shagon na ta yaba mai huɗun. Ta ja kujera ta zauna.

"An ce mini in zauna in yi aikina," in ji ta. "To, wa zai saurara?"